Wa Ya Haifi Kiɗan Sol? Amsa Ga Dattawanmu

Watanni kaɗan da suka wuce aka ɗaura wani aure a ikilisiyarmu, nan gefen Kilomita Biyar a birnin Bangi. Da aka tashi daga sujada sai aka koma gidan ango domin cin abinci. Can da yamma wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙanmu ta miƙe ta rera wa amarya da ango wata tsohuwar waƙa ta Al Green, baƙar fatar Amurka, wadda ya fitar a 1971, mai suna Let's Stay Together. Ta juya maganar cikin Sango domin kowa ya ji. Ba kome a cikin waƙar nan sai mutum yana roƙon wadda yake ƙauna kada su rabu, kome juyin zamani. Uwar amarya har da hawaye.

Ba a yi mako biyu ba majalisar dattawa ta zauna, ta dakatar da yarinyar nan daga waƙa har wata uku. Laifinta, wai bakin da yake yabon Ubangiji ran Lahadi bai kamata ya ɗauki waƙar mashaya ran Asabar ba. Ni ma aka kira ni, gama an san a ɗakina ta ji waƙar. Babban dattijonmu ya ce, "Malam, mun ba ka yara ka koya musu hanyar Allah, kai kuwa ka buɗe musu akwatin Shaiɗan." Na ce, "Baba, ku yi mini haƙuri. Zan ba da amsa, amma a rubuce, domin kada bakina ya yi sauri."

Ni ba mai zurfin ilimi ba ne. Firamaren mishan kaɗai na gama. Sauran abin da na sani, a bakin mutane da rediyo da 'yan littattafai na tsince shi. Amma shekara 18 ke nan ina aikin katikis, ina shirya yara domin baftisma, ina shirya samari da 'yan mata domin aure, ina raka gawa makabarta. Wanda ya daɗe a wannan aiki ya san abin da yake cin zuciyar mutanensa. Ba raini ya sa nake magana ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwatin da aka zaga

Tun da akwatin aka zaga, bari in fara da shi. Ba nawa ba ne, ajiya ce. Sa'ad da nake yaro muna da maƙwabci, wani Alhaji mutumin Kano, mai gyaran rediyo da sayar da kaset a kasuwar Kilomita Biyar. Ya taɓa zama a Legas, yana jin Turanci. Mahaifina magini ne, Kirista, daga arewacin Kamaru ya zo, Hausa kuwa ita ce ta haɗa su. Bayan sallar isha'i Alhaji yakan fito da tabarma da rediyo, mahaifina ya zo da gyaɗa. Ya sa kaset, in an yi baiti guda ya tsai da shi ya fassara da Hausa. Ni ina gefe ina ji. Haka na san Sam Cooke da Otis Redding da Aretha Franklin tun ban iya rubuta sunayensu ba.

Ran 5 ga Disamba 2013 wuta ta kama Bangi. Kowa ya san abin da ya biyo baya: Kirista suka tsere daga Kilomita Biyar, Musulmi suka tsere zuwa cikinta. Alhaji, tsoho mai sanda, shi ya ɓoye ni da matata da 'ya'yanmu a ɗakinsa, da asuba ya raka mu har bakin unguwa. Muka tafi filin jirgin sama na M'Poko, inda mutane wajen 100,000 suka taru suna kwana a ƙarƙashin tsofaffin jirage. A farkon 2014, da manyan motoci suka fara kwashe Musulmi zuwa Kamaru da Cadi, ya aiko aka kira ni bakin iyaka. Ya ɗora mini akwati a ka ya ce, "Ɗana, riƙe mini wannan. In na dawo ka ba ni. In ban dawo ba, ka riƙa ji kana tunawa da ni da babanka." Bai dawo ba. A Garuwa-Bulai aka binne shi. Wannan shi ne akwatin Shaiɗan.

Ɗan gida ne

Kalmar soul a Turanci rai ke nan, mu a nan sol muke cewa. Baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwashe daga ƙasashenmu, su ne masu kiɗan. A ina suka koye shi? A majami'a. Sam Cooke ɗan fasto ne, shi ne kuma jagoran wata shahararriyar ƙungiyar waƙar bishara mai suna Soul Stirrers kafin ya bar ta a 1957. Faifansa na fari na waƙar soyayya da sunan aro ya fitar da shi, Dale Cook, saboda tsoron mutanen ikilisiya. Mahaifin Aretha Franklin, Rabaran C. L. Franklin, shi ne faston majami'ar New Bethel a birnin Detroit, a gabansa ta fara waƙa. Otis Redding a ƙungiyar mawaƙan wata majami'ar Baptis ya tashi a jihar Jojiya. Marvin Gaye ma ɗan mai wa'azi ne.

A 1954 Ray Charles, makaho, ya ɗauki launin wata waƙar bishara ya ɗora mata maganar mace, ya sa mata suna I Got a Woman. Fastoci suka yi ca a kansa. Ashe fushin dattawanmu ba sabo ba ne, ya haura shekara 70. Amma duk mai kunne, in ya saurari kiɗan nan, zai ji gida a cikinsa: mai bayarwa da 'yan amshi, tafi, murya tana tashi tana karyewa kamar ta mai wa'azi da abin ya kai masa wuya. Bayarwa da amshi kuwa daga Afirka suka haye teku. A Janairu 1972, sa'ad da sunan Aretha ya cika duniya, ta koma wata majami'a a Los Angeles ta yi dare biyu tana waƙar bishara. Faifan da aka ɗauka a wurin, Amazing Grace, an sayar da fiye da miliyan 2. Yaro ya tafi bariki ya canza riga, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maganar ƙauna

Dattawa sun ce waƙoƙin nan maganar mace da namiji suke yi. Gaskiya ne. To, a ina samarinmu za su ji wannan magana a bakin mai mutunci? Ni nake koyar da masu shirin aure, na kuma san abin da muke faɗa musu: dokoki, haramce-haramce, kuɗin takarda, ranar da za a kawo shaidu. Ba mu gaya wa saurayi yadda zai ce wa matarsa ya yi kuskure. Ba mu gaya wa budurwa cewa za a yi kwanakin da zuciya za ta yi sanyi, kuma ba ƙarshen aure ke nan ba. Mun bar wannan fili, wayar hannu ta shiga ta cika shi da abin da ba na iya rubutawa a nan.

Wanda ya saurari waƙoƙin sol da natsuwa zai tarar yawancinsu roƙo ne. Ƙato ne, mai murya kamar tsawa, ya durƙusa yana neman gafara, yana cewa shi ya yi laifi, yana tsoron a bar shi. A unguwar da yaro yake girma yana ganin namiji shi ne mai bindiga, ni ina so ya ga namiji mai durƙusawa. A 1965 Otis Redding ya yi waƙa mai suna Respect, inda miji yake neman girmamawa in ya dawo gida. A 1967 Aretha ta karɓe ta, ta juya ta, ya zama mace ce take neman a ga girmanta. Ku je kasuwar Kilomita Biyar da asuba ku ƙirga su wa suke ɗauke da gidajenmu. Matan nan nawa suka zo gabanku da kumburarren ido, kuka ce su je su yi haƙuri, ba ku kira mijin ba? Manzo Bulus a Afisawa sura 5 nauyi mai girma ya ɗora wa maza. In mun yi shiru a kan rabin surar, kada mu ji haushi in mawaƙiya ta tuna mana.

Har wa yau, a tsakiyar Littafi Mai Tsarki akwai Waƙar Waƙoƙi, sura 8 cif, ango da amarya suna yabon juna, suna neman juna, har da daren da ta neme shi ba ta same shi ba. Kakanninmu cikin bangaskiya ba su yage ta ba. In da yau aka kawo ta gaban majalisarmu babu sunan Sulemanu a kai, wata nawa za a dakatar da mai ita?

Maganar rashin tabbas

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ran 1 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka auka wa majami'ar Fatima ana cikin sujada, suka kashe mutane da dama, har da Fada Albert Toungoumale-Baba. A ranar kuma masu fushi suka huce a kan Musulmin da ba su ji ba, ba su gani ba. Da yara suka dawo ajina, wani ɗan shekara 12 ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ranar nan Allah yana ina?" Na buɗe baki in ba shi amsar littafi, na kasa. Ran Lahadi kuwa sai waƙoƙin nasara muka yi, da ganga da rawa, kamar ba abin da ya faru. Gwauraye suna tafi, idonsu a bushe. Ba mu da waƙa ko ɗaya da za ta ba mutum izini ya ce ya gaji, bai gane ba.

A cikin akwatin Alhaji akwai irin wannan waƙa. A Oktoba 1963 aka hana Sam Cooke da matarsa ɗaki a wani masauki a garin Shreveport saboda launin fatarsu, da ya yi gardama aka kama shi. Bayan 'yan watanni ya yi A Change Is Gonna Come. Ɗan fasto ne a ciki yake furtawa a gaban duniya cewa rayuwa ta yi masa nauyi, mutuwa kuma tana ba shi tsoro. Sai bayan ya faɗi wannan tukuna ya ɗaga kai ya yi zancen bege. Shi ya sa begen yake da nauyi. Otis Redding kuwa, kwanaki kaɗan kafin jirgin sama ya faɗi da shi cikin tafki ran 10 ga Disamba 1967, yana da shekara 26, ya ɗauki waƙar wani mutum da ya baro garinsu, yana zaune a bakin ruwa yana kallon jirage, bai san ko zai ci gaba ko zai koma ba. Ku gangara bakin kogin Ubangi da la'asar ku ga samarinmu marasa aiki sun zura wa Zongo ido, ku gaya mini ko ba su ake nufi ba.

Dattawa za su ce wannan rashin bangaskiya ne. Ni na ce ku buɗe Zabura 88, ku karanta ta har ƙarshe, ku nuna mini inda aka yi wa mai ita ta'aziyya. Ku duba Makoki, ku duba farkon Habakuk. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Almasihu da yatsa, daga kurkuku ya aika a tambaya ko shi ne kuwa. Ubangiji bai kore shi ba, bai kuma dakatar da Toma wata uku ba. Mutumin da aka hana shi faɗin shakkarsa a gidan Allah ba ya daina shakka. Ɗaukarta yake yi ya kai wa boka, ko kwalba, ko mai raba makamai.

Maganar canji

Mutanen da suka yi kiɗan nan sun san abin da muka sani. Ran 15 ga Satumba 1963 aka dasa bam a wata majami'ar Baptis a Birmingham ta jihar Alabama, ran Lahadi da safe, 'yan mata 4 suka mutu. Ran 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Rabaran Martin Luther King a masaukin Lorraine a Memfis. Suna da dalilin yin waƙar ramuwa. Amma ku ji abin da suka yi. A 1965 Curtis Mayfield ya yi People Get Ready, da misalin jirgin ƙasa mai ɗaukar masu bangaskiya, misalin da ya samo daga majami'a. Kashegarin kisan King, birane suna ci da wuta, James Brown ya hau dandali a Boston, aka nuna wasan kai tsaye a talabijin, mutane da yawa suka zauna gida, birnin ya kwana da sauƙi. A 1971 Marvin Gaye, bayan ƙanensa ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya ba shi labarin abin da ya gani, ya fitar da What's Going On, ko da yake maigidan kamfanin Motown, Berry Gordy, ya ƙi da fari. Bai zagi kowa a ciki ba. Tambaya ya yi, ya kuma kira mutane da sunan dangi.

A Memfis ɗin nan, tun ana raba baƙi da fari a wurin cin abinci, makaɗan kamfanin Stax, watau Booker T. and the M.G.'s, baƙaƙe biyu ne da farare biyu a ɗaki guda, su ne suke yi wa Otis kiɗa. Duk sa'ad da na tuna da su sai in tuna da Akbishop Dieudonné Nzapalainga, da Liman Omar Kobine Layama, da Fasto Nicolas Guerekoyame-Gbangou, waɗanda suka zaga ƙasar nan tare, har limamin ya yi watanni yana zaune a gidan Akbishop. In tuna kuma da ran 30 ga Nuwamba 2015, da Paparoma Francis ya shigo masallacin Koudoukou a nan unguwarmu. In kuwa kuna neman mawaƙin Shaiɗan na ainihi, ku tambayi mutanen Ruwanda labarin Simon Bikindi, wanda kotun duniya ta Arusha ta yanke wa shekara 15 a 2008 saboda zuga mutane su kashe maƙwabtansu. Da 'ya'yansa ake sanin itace. Mu ma a nan mun ji irin waƙoƙin da samari suka yi da adda a hannu, ban kuwa ji majalisa ta zauna a kansu ba.

Abin da na yarda da shi

Ba zan ɓoye abin da yake wajen dattawa ba. Akwai waƙoƙin sol na batsa, ba na sa wa yara su. Da yawa daga mawaƙan sun lalace da giya da ƙwaya da mata. Sam Cooke a wani masauki aka harbe shi a Los Angeles ran 11 ga Disamba 1964, cikin yanayin da ba abin alfahari ba ne. Gidajen rawar da Kilomita Biyar ta yi suna da su a dā sun ci albashin iyaye da yawa, na sani. Ban kuma ce a kawo waƙar soyayya gaban bagade ba. Sujada da wurinta, gidan biki da wurinsa. Amma Dawuda ma ya yi abin da ya yi da matar Uriya, ba mu kuwa daina rera Zaburarsa ba. Ku kuma tuna da ƙarshen Marvin Gaye. Mahaifinsa, mai wa'azin nan da ya yi ta dukansa tun yana ƙarami, shi ya harbe shi ran 1 ga Afrilu 1984. Wannan labari gargaɗi ne ga 'ya'ya, gargaɗi ne kuma ga iyaye masu tsanani babu jinƙai.

An kuma ce kiɗan baƙo ne. Molon ƙarfe da jita da muke sujada da su, kakan wa ya ƙera su? Tsofaffinmu sun ga zamanin da ganga ba ta shiga majami'a, sai bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 aka buɗe ƙofa sosai ga harsunanmu da kayan kiɗanmu. Hukuma ta hana kiɗan sol a Darussalam ta Tanzaniya a 1969, hanin bai hana kome ba. James Brown ya zo Legas a 1970, ya zo Kinshasa a 1974. Ran 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da su Staple Singers suka yi wasa a Akra. A 1972 maƙwabcinmu Manu Dibango, wanda mahaifiyarsa take jagorancin mawaƙa a wata majami'a a Duwala, ya yi Soul Makossa, Amurkawa da kansu suka yi ta rububinta. Kiɗan da ya tafi a jirgin bayi ya dawo a faifai, wa zai ce masa baƙo?

Roƙona

Ya ku iyayena, abu uku nake roƙo. Na fari, ku mayar da yarinyar nan cikin mawaƙa. Mahaifinta a rikicin 2014 ya mutu, ƙungiyar nan ita ce danginta. Tun da kuka dakatar da ita ba ta ƙara taka ƙofar majami'a ba, ƙawayenta biyu ma sun bi ta. Na biyu, ku zo ɗakina wata yamma, in shimfiɗa tabarma, in sa kaset, in tsai da shi baiti-baiti in fassara muku kamar yadda Alhaji ya yi wa mahaifina. Wadda kuka ji ta saɓa wa bishara, ku faɗa, ni da hannuna zan ajiye ta gefe. Amma kada ku yanke wa abin da ba ku ji ba hukunci. Na uku, ku ba mawaƙanmu izini su tsara waƙoƙin makoki da na tambaya cikin Sango da Hausa, domin gwauruwa da maraya su sami abin faɗa wa Allah ba tare da ƙarya ba.

Saura abu guda da ban faɗa muku a majalisa ba. Al Green, mai waƙar da aka hori yarinyarmu a kanta, a 1976 ya zama faston wata majami'a a Memfis mai suna Full Gospel Tabernacle, ya yi shekaru yana wa'azi a cikinta. Waƙar fasto kuka kira waƙar mashaya. Allah ya ba mu kunnen ji kafin bakin hukunci, ya kuma ba unguwarmu salama. Amin.